Gado ko Tarbiyya? Nazari a kan Masu Kisan Ɗauki-Ɗai-Ɗai

Hausawa kan ce "hali zanen dutse", kuma su ne dai suka ce "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Karin magana na farko ya jingina hali ga halitta, na biyu kuwa ya jingina shi ga reno. A kan wannan saɓani ne masana halayyar ɗan'adam suka daɗe suna kai-kawo game da masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai, watau mutanen da ke kashe rai yau, su lafa, sa'an nan bayan wani lokaci su sake, galibi ba don wata gaba tsakaninsu da mamatan ba.

A shekarar 1876 wani likitan Italiya mai suna Cesare Lombroso ya yi da'awar cewa mugu haifarsa ake yi, har ma ana iya gane shi daga ƙirar ƙoƙon kansa da muƙamuƙinsa. Charles Goring ya rushe wannan ra'ayi a 1913, bayan da ya auna fursunonin Ingila ya tarar ƙirarsu ba ta bambanta da ta sauran jama'a ba.

Masu cewa laifin reno ne sukan kafa hujja da irin su Edmund Kemper na Amurka. Mahaifiyarsa takan kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun yana yaro, ga gori da wulakanci. Yana ɗan shekara 15, a 1964, ya harbe kakanninsa biyu. Tsakanin 1972 da 1973 ya kashe 'yan mata ɗalibai shida, daga bisani ya kashe uwar tasa. Sai dai hujjar tana da rauni, domin yaran da suka sha azaba a duniya ba su ƙirguwa, amma ƙalilan ne ƙwarai suka taɓa zubar da jini.

Binciken da ya fi haska al'amarin shi ne wanda Avshalom Caspi da Terrie Moffitt da abokan aikinsu suka buga a 2002. Sun bi diddigin yara maza 442 da aka haifa a garin Dunedin na ƙasar New Zealand har suka girma, suna duba wata ƙwayar gado da ake kira MAOA, wadda aikinta ya shafi daidaita sinadaran da ke kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa. Masu raunanniyar ƙwayar da suka tashi cikin kulawa ba su fi kowa ta'adi ba. Amma waɗanda raunin ya haɗu musu da gallazawa a yarinta, ko da yake kashi 12 ne kacal cikin ɗari na yaran, su ke da kashi 44 na hukuncin da kotu ta yanke kan laifuffukan cin zarafi. Abin lura a nan shi ne, binciken ya shafi ta'adi ne gaba ɗaya. Masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai sun yi ƙaranci da za a gina irin wannan lissafi a kansu, saboda haka kuskure ne a ce an gano "ƙwayar kisa", kamar yadda wasu jaridu suka yayata.

Labarin James Fallon, masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ya ƙara fito da wannan. A 2005 yana nazarin hotunan ƙwaƙwalwar makasa, sai ya ci karo da wani hoto cikin na iyalinsa mai irin alamarsu, watau sanyin aiki a sashen da ke bayan goshi, mai hana mutum bin zuciya. Da ya duba sunan mai hoton, ashe nasa ne. Ga shi da raunanniyar MAOA, kuma an rataye wani kakansa na nesa, Thomas Cornell, a 1673 bisa zargin kashe mahaifiyarsa. Duk da haka Fallon ya rasu a 2023 bai taɓa kashe kowa ba, shi da kansa kuwa ya danganta hakan ga gatan da iyayensa suka yi masa. Amma da ya tambayi matarsa da abokan aikinsa, ba su ɓoye masa ba cewa sun daɗe da lura shi mutum ne mai ƙarancin tausayi.