Ko Ka Sani? Ma'adinin da Ke Tsaron Hanjin Kaza

Duk wanda ya ga kajin da ake kawowa kasuwar Dole a Damagaram ran Alhamis, ko kasuwar Mirya ran Lahadi, waɗanda galibinsu da tsaki da dusar gero da gara suka tashi, da wuya ya raya a ransa cewa lafiyarsu tana rataye da wani ma'adini da ido bai isa ya gani a cikin hatsi ba. Sunansa seleniyam. Wani masani a ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya gano shi a 1817, aka daɗe ana lissafa shi cikin dafi, sai a 1957 hujja ta tabbata cewa dabba ba ta rayuwa sai da shi.

Hanjin kaza, wanda muke ɗauka hanyar abinci kawai, a haƙiƙa ganuwa ce, domin a nan cuta take fara neman ƙofa, a nan kuma Allah cikin hikimarSa Ya girke mafi yawan dakarun jiki. Har akwai wata ƴar jaka kusa da dubura wadda Bruce Glick ya bayyana a 1956 cewa cikinta ake renon ƙwayoyin da ke haɗa makaman kariya, ita ce kuma cutar Gumboro take lalatawa a jikin ƴan tsaki. To, su waɗannan dakaru, idan suna yaƙi, da guba suke ƙona abokin gaba, gubar kuwa ba ta bambance fatar hanji da ƙwayar cuta, sai jiki ya buƙaci mai kashe wutar bayan an gama. Wannan aiki ba ya tafiya daidai in babu seleniyam, shi da bitamin E. Idan seleniyam ya yi ƙaranci, sai ɗan tsako ya tsumbure, ruwa ya taru ƙarƙashin fatar ƙirjinsa, zawon jini ya fi kama shi da tsanani.

Abin al'ajabi shi ne miƙidari: miligiram 0.15 a kilo guda na abinci, wato giram ɗaya ya wadaci abinci fiye da tan 6. In an wuce haddi kuwa ya koma dafi, kamar yadda manoman Dakota ta Kudu a Amurka suka gani wajen 1930, lokacin da hatsin ƙasarsu ya sa ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa, wanda ya ƙyanƙyashe kuma ya fito da naƙasa.

Saboda haka, a ganina, mai kajin gona a Zango ko Magariya kada ya auna seleniyam da ƙiyasi, ya nemi garin haɗi da aka riga aka auna daga likitan dabbobi. Kada kuma ya ɗauke shi madadin rigakafin annobar hunturu mai share akurki. Iyakarsa ya taimaki jiki ya karɓi rigakafin da kyau.