Miƙa Mulki: Abin Da Ke Bayan Bikin 29 Ga Mayu

A Gyadi-Gyadi da Tarauni da ke Kano, yawancinmu ta rediyo ko talabijin muke halartar bikin miƙa mulki. Mu ji faretin sojoji a Dandalin Eagle da ke Abuja, mu ji Alƙalin Alƙalai ya ba sabon shugaba rantsuwa, sai a ce Allah Ya taya riƙo, kowa ya koma neman abincinsa. To amma bikin nan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Aikin gaske yana cikin watannin da suka gabace shi.

Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adin shekara huɗu, kuma tun da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa wa Olusegun Obasanjo a ranar 29 ga Mayun 1999, wannan rana ce ta zama ta sauyin gwamnati. Obasanjon ne ya miƙa wa Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007, karo na farko da farar hula ya gaji farar hula ta hanyar zaɓe. Sai 2015, wadda Kanawa ba za su manta ba: jihar ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.9, Goodluck Jonathan kuma ya buga masa waya ya taya shi murna tun kafin a gama sanar da sakamako. Wannan kira ya kwantar da hankalin mutane da dama, musamman waɗanda suka tuna tarzomar da ta biyo bayan zaɓen 2011.

Me ake miƙawa? Kowace ma'aikata tana haɗa takardun bayani: kuɗin da ke asusu, bashin da aka ciwo, kwangilolin da ba a gama ba, da halin da tsaro ke ciki. A 2015 Ahmed Joda ne ya jagoranci kwamitin karɓar mulki na Buhari. A 2023 kuwa Buhari ya kafa majalisar miƙa mulki ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha. Sai dai umarnin shugaban ƙasa ne ya kafa ta, ba dokar majalisa ba, kuma abin da shugaba ɗaya ya umarta, wani na iya shafe shi. Amurka tana da dokar miƙa mulki ta 1963, Gana da Kenya suka yi tasu a 2012. Mu kuwa mun dogara ne da kyan halin mai sauka, ko akasinsa.

Wanda ke ganin wannan maganar 'yan Abuja ce, ya tuna abin da ya faru a 2023. Gwamnatin da ta sauka ta ware kuɗin tallafin man fetur ne zuwa watan Yuni kawai. Sabon shugaba Bola Tinubu ya tsaya a wajen rantsuwa ya ce tallafi ya tafi. Kafin a yi kwana uku, litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Masu adaidaita sahu a Titin Zariya suka ƙara kuɗin hawa, mai jinyar da ke kai abinci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ji a jikinsa, haka ɗan kasuwar waya a Farm Centre da ke tayar da janareto. Ana iya jayayya kan dacewar cire tallafin. Abin da ba shi da jayayya shi ne, an yi wata uku tsakanin zaɓen 25 ga Fabrairu da ranar rantsuwa, amma ba a shirya wa talaka komai ba kafin a sauke masa nauyin.

Akwai kuma jinkirin naɗa ministoci. Buhari bai rantsar da nasa ba sai Nuwamban 2015, ma'aikatu suka yi ta jiran tsammani. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya wajabta wa shugaba da gwamnoni aika sunaye majalisa cikin kwana 60, wannan kam ci gaba ne. Shari'ar zaɓe ce har yanzu ke tafiyar hawainiya: Kotun Ƙoli ba ta tabbatar da Tinubu ba sai 26 ga Oktoban 2023, bayan ya yi kusan wata biyar a kujera. A Kenya kotu na yanke hukunci cikin kwana 14, kafin rantsuwa.

Duk da haka, kada mu raina abin da muka samu. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi miƙa mulkinsu na farko tsakanin zaɓaɓɓun shugabanni a Afrilun 2021, daga Mahamadou Issoufou zuwa Mohamed Bazoum, sojoji suka kifar da Bazoum a Yulin 2023.

Jama'ar Tarauni na da ɗan majalisar wakilai nasu, kuma suna ƙarƙashin sanatan Kano ta Tsakiya. Idan waɗannan 'yan majalisa suka zo neman ƙuri'a, a tambaye su matsayarsu kan dokar da za ta tilasta wa gwamnati mai barin gado bayyana wa jama'a bashin da ta bari da kuɗin da ke baitulmali, tare da kammala shari'ar zaɓe kafin 29 ga Mayu.