Hanyoyi Uku Da Magana Ke Bi Ta Shawo Kan Mutum

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi kiran hijira zuwa gabas. Dubban mutane suka bar gonaki da dangi suka bi shi. Ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ƙarasa da jama'a Sudan, suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. Me ya sa kira ɗaya ya tayar da wannan taro?

Masanin Girka, Aristotal, ya riga ya fayyace sirrin tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a littafinsa na fasahar magana, wanda Alfarabi da Ibn Rushdi suka yi wa sharhi da Larabci. A wurinsa, hanyoyin gamsar da mai sauraro uku ne.

Ta farko mutuncin mai magana. Attahiru jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, kuma shi ya shige gaba, bai tura wasu ya zauna ba. Ta biyu motsa zuciya: ƙyamar zama ƙarƙashin Nasara, da begen Makka, da tsammanin bayyanar Mahadi. Ta uku hujja: hukuncin hijira da Shehu ya shimfiɗa da dalilai a Bayanu Wujubil Hijra tun 1806.

Sai dai ba kowa ya gamsu ba. Waziri Buhari ya zauna a Sakkwato, ya rubuta wa malamai risala yana kafa hujja da lalura da kare rayukan Musulmi. Ga malamai biyu, ga littattafai iri ɗaya, ga matsaya biyu. Ashe iya magana ba ya nuna wanda ke da gaskiya. Sai an auna.

Wannan ilimi na da amfani yau ga Hausawan Jazira da Nilu Shuɗi a Sudan. Manomin da zai rubuta takardar koke kan ruwan ban-ruwa ya fara da gabatar da kansa da shekarun da ya yi yana noma wurin, ya kawo ranakun da ruwa ya yanke da girman gonar da ta bushe, sannan ya ambaci halin da iyalinsa ke ciki. Kuka zalla ba ya motsa jami'i, alƙaluma zalla ba sa taɓa shi. Haka dattijon da ke sulhu tsakanin manomi da makiyayi: in ba a yarda da adalcinsa ba, hujjarsa banza ce.

Ga mai sauraro kuma wannan ilimi kariya ne. Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, saƙonnin murya a WhatsApp sun yawaita, galibi tsoro da fushi kawai suke hurawa. Kafin ka tura wa wani, tambayi kanka: wane ne ya faɗa, mece ce shaidarsa, kuma me yake so in aikata? Saƙon da ya kasa amsa biyun farko, ya tsaya a wayarka.