Rubutun Haɗaka: Labari Ɗaya, Alƙaluma da Yawa

A shekarun 1990, masoya Star Trek, shirin talabijin da aka fara nunawa a Amurka a 1966, sun yawaita ƙaga labarin kimiyya tare ta intanet. Kowane marubuci yakan riƙe tauraro guda cikin jirgin sararin samaniya: kyaftin, likita ko injiniya. Jagoran wasa kan kawo matsala, misali inji ya tsaya, sai kowa ya rubuta abin da tauraronsa ya faɗa ko ya aikata.

Babbar dokar ita ce, ba a sa wa tauraron wani magana a baki. Saboda haka warwarar jigo ba ta hannun mutum ɗaya. Wannan ya bar wa ɗalibin adabi tambaya: labarin da ba wanda ya san ƙarshensa, na wane ne?