"Sun" da "Suka": Mabuɗin Fahimtar Plus-que-parfait na Faransanci

Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuma ya koma harshen aiki. Duk da haka, da Faransanci ɗalibin kwaleji a Dakoro yake rubuta jarrabawar BEPC, kuma a cikin lokutan aikatau da ake gwada shi a kansu akwai plus-que-parfait. Sau da yawa akan koyar da wannan lokaci kamar baƙon abu da Hausa ba ta san shi ba. Nazarin nahawun harsunan biyu ya nuna akasin haka.

Ƙirarsa ba ta da wuya. Ana ɗauko ɗaya daga cikin mataimakan aikatau biyu, avoir ko être, a sa shi a imparfait, sannan a biyo da participe passé. Ga aikatau vendre (sayarwa): j'avais vendu, tu avais vendu, il avait vendu, nous avions vendu, vous aviez vendu, ils avaient vendu. Wasu aikatau kaɗan, irin su aller, venir, arriver, partir, naître da mourir, tare da duk masu ɗauke da se, suna tafiya da être, kuma a waɗancan na farko participe yana dacewa da aikau ta jinsi da adadi: il était parti, elle était partie, elles étaient parties. Kunne ba ya taimako a nan, domin avais, avait da avaient furucinsu ɗaya ne. Wannan aikin hadda ne, kuma ɗalibai sukan iya shi.

Wahalar tana ga sanin inda ake amfani da shi. Hans Reichenbach, a littafinsa na 1947, ya bambanta maƙura uku: lokacin magana, lokacin aukuwa, da lokacin da ake dogaro da shi a labari. A plus-que-parfait, aukuwa ta gabaci lokacin dogaro, shi kuma ya gabaci lokacin magana. Wato abu ne da ya riga ya kammala kafin wani abin da shi ma ya wuce. A duba waɗannan jimloli biyu da suka shafi kasuwar dabbobi:

Quand les commerçants sont arrivés, les éleveurs ont vendu leurs chèvres.
Quand les commerçants sont arrivés, les éleveurs avaient vendu leurs chèvres.

A ta farko fatake sun samu ciniki. A ta biyu sun makara, sun tarar an sayar da awakin. Gaɓa ɗaya ce ta ƙaru, amma labarin ya juye.

Hausa ba ta da wata ƙira ta musamman ga wannan, domin tsarinta ya fi karkata ga nuna kammaluwar aiki ko rashinta fiye da tsayar da lokaci, kamar yadda Paul Newman ya bayyana a nahawunsa na 2000. Amma tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, kuma a cikin labari aikinsu ya bambanta:

Da fatake suka iso, sai makiyaya suka sayar da awakinsu.
Ko da fatake suka iso, makiyaya sun sayar da awakinsu.

Shuɗaɗɗe na biyu (muka, kuka, suka, aka) shi ne mai jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya. Idan shuɗaɗɗe na ɗaya (mun, kun, sun, an) ya kutso cikin jerin, sai ya mayar da mai sauraro baya, ya nuna masa abin da aka tarar a kammale. Akan ƙarfafa shi da "riga", a ce "sun riga sun sayar", daidai da déjà na Faransanci, amma ko babu ita ma'anar tana nan. Wannan shi ne aikin plus-que-parfait, kuma yaron da bai taɓa shiga aji ba ya san bambancin.

Abin lura shi ne, daidaitacciyar Hausa tana ɓoye wannan bambanci a rubuce idan aikau tilo ne, domin "ya" mai dogon wasali da "ya" mai gajere duk rubutunsu ɗaya. Karin harshen yamma, wanda ake ji a wannan yanki, ya fi bayyana shi: ana cewa "sunka" da "munka", a tilo kuma akan ruɓanya baƙin farko na aikatau, a ce "yas saida" ko "tat tahi". Malamin da ya hana ɗalibansa wannan furuci da sunan gyara ya jefar da abin da zai sauƙaƙa masa darasi.

Akwai wani gurbin kuma, na sharaɗin da bai tabbata ba. Si la pluie était tombée en juin, le mil aurait poussé: da ruwa ya sauka a watan Yuni, da hatsi ya tsiro. Hausa tana maimaita "da" a gangunan biyu da lamirin lokaci iri guda, shi ya sa ɗalibi kan so ya daidaita su a Faransanci ma, ya rubuta si la pluie serait tombée. Faransawa kansu suna yin wannan kuskure a baki. Ƙa'idar ita ce plus-que-parfait bayan si, conditionnel passé a ganga ta biyu.

Sai dai kada a ɗauka kowane "sun" plus-que-parfait ne. "Makiyaya sun sayar da awakinsu", idan an faɗe ta ita kaɗai, passé composé ce, domin lokacin dogaro shi ne yanzu. Haka kuma a rahoton magana, Hausa ba ta sauya komai: "Mun biya" ta koma "Sun ce sun biya". Faransanci kuwa yana jan aikatau baya idan mai gabatar da maganar ya shuɗe, sai nous avons payé ta zama ils ont dit qu'ils avaient payé. A nan ɗalibi ba shi da "suka" da zai auna da ita, dole ya dubi aikatau na farko ya tantance lokacinsa kafin ya zaɓi na biyu.