Bashin Barci a Wuyan Likita

Likitan da ya kwana aikin dare a asibitin gwamnati, ya yi zagayen majinyata da safe, sa'an nan da yamma ya wuce asibitin kuɗi domin cike giɓin albashi, yakan ɗauka lokacinsa kaɗai yake sayarwa. Alhali har da barcinsa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta yafe irin wannan bashi.

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke sa ido ya yi nauyi. Barci ne ke share shi. Kofi da goro, waɗanda ake fakewa da su, ba sa rage adinosin ko kaɗan. Gurbinsa kawai suke toshewa, sai mutum ya daina jin gajiyar da take nan daram.

A shekarar 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa sa'o'i 17 ba barci suna dakushe aikin hannu da ido kamar yadda barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini take yi. A sa'o'i 24 abin ya ninka. To, da wannan hannu ake ɗinke jijiya, ake auna maganin jariri.

Jihar New York ta Amurka ta taƙaita aikin ƙananan likitoci zuwa sa'o'i 80 a mako a 1989, bayan rasuwar wata yarinya a asibiti a 1984. A Nijeriya lissafin ya fi wuya, domin duk likitan da ya koma Ingila ko Saudiyya, daren aikinsa kan waɗanda suka rage yake faɗawa, su kuma ga iyaye, ga kuɗin makarantar ƙanne.