Zaɓen Fitila da Jel a Wurin Ɗaukar Fim

Shirin musamman na wannan mako ya karkata ne ga wani sashe na sana'ar fim wanda ɗan kallo ba ya lura da shi sai in ya ɓaci, wato hasken da ake jefawa kan 'yan wasa, da yadda masu wannan aiki suke zaɓen fitila da ledar launi da ake rufa mata.

Abin da mai haske yake fara dubawa shi ne yadda fitila take fitar da haskenta, domin wata tana tattara shi wuri guda ya fito da kaifi da inuwa mai baƙi, wata kuma tana baza shi ya sauka a hankali. Fitilar da ta fi shahara a wannan sana'a ita ce mai gilashin Fresnel, wanda masani ɗan Faransa Augustin Fresnel ya ƙirƙira a shekarun 1820 domin hasumiyoyin da ke yi wa jiragen ruwa jagora da dare. A cikinta ƙwan fitilar yana zaune ne kan wata 'yar hanya, idan aka ja shi baya sai hasken ya tsuke ya yi ƙarfi, idan aka turo shi kusa da gilashin sai ya buɗe ya mamaye ɗaki, kuma gefen hasken yana narkewa sannu a hankali, abin da ya sa ake son ta wajen haska fuska. Fitilar PAR mai ƙwai a rufe ba ta da wannan sassauci, domin faɗin haskenta a jikin ƙwan yake, wanda yake son canji sai ya sauya ƙwan gaba ɗaya. Amfaninta shi ne jefa haske nesa, misali daga waje ta cikin taga. Ko wace fitila aka ɗauka, ƙa'ida ɗaya ce ke mulki: idan aka ninka nisan da ke tsakaninta da ɗan wasa sau biyu, hasken da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai batun launi, inda kyamara take ganin abin da ido yake yafewa. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin, inda fitilar tangistan take ba da 3,200, haske mai ruwan lemo, hasken rana kuwa ana ƙiyasta shi a 5,600, mai karkata zuwa shuɗi. Idan su biyun suka haɗu a falo ɗaya, rabin fuskar jaruma sai ya yi ja, rabin ya yi shuɗi. Maganin wannan shi ne jel, wata siririyar leda mai launi da ke jure zafi, wadda kamfanoni irin su Lee a Ingila da Rosco a Amurka suke yi. Ana maƙala ta a marafan fitila da maƙalin shanya na katako, saboda na roba narkewa yake yi. Shuɗiyar jel da ake kira CTB tana mayar da hasken tangistan kamar na rana, mai ruwan lemo da ake kira CTO kuma tana yin akasin haka.

Abin da sababbin shiga sana'ar suke yawan mantawa shi ne jel ba ta ƙara wa haske komai, tacewa kawai take yi kamar rariya, ta riƙe wasu launuka ta saki wasu. Cikakkiyar CTB tana cinye wajen kashi biyu cikin uku na hasken fitila, alhali man da janareta ke sha bai ragu ba. Ga masu ɗaukar fim a Kano ko Kaduna, inda lokeshin da yawa suka dogara da janareta, wannan asara ce ta kuɗi, don haka sau da yawa ya fi hikima a manna CTO a jikin taga, a rage hasken rana wanda kyauta ne, ko a yi amfani da fitilar HMI da kamfanin Osram na Jamus ya samar, wadda haskenta irin na rana ne tun asali.

Akwai kuma batun fata. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da hoton Baturiya, abin da ya bar tunanin cewa baƙar fata sai an yi mata ambaliyar haske kafin ta fito. Wannan kuskure ne, domin yawan haske yana kashe kyawun fuska ya kuma ƙone farar shadda. Baƙar fata tana mayar da haske da sheƙi, saboda haka ta fi karɓar haske mai faɗi da taushi daga gefe, wanda aka ratsa da shi ta farin ƙyalle, kuma tana ɗaukar jel mai launi da kyau, kamar yadda mai ɗaukar hoto James Laxton ya nuna a fim ɗin Moonlight na 2016.

Fitilun LED na yanzu suna sauya launi da maɓalli, ba sa zafi sosai, wasu ma da batir suke aiki, amma masu arha daga cikinsu sukan zubo wa fata wani kore-kore da sai an sa jel mai ruwan hoda kafin ya gyaru. Saboda haka, masu sauraro, duk mai niyyar sayen fitila ya fara gwada ta a kan fuskar mutum ta cikin kyamara kafin ya biya kuɗi.